Fofi: jan furen da ake maƙalawa a ƙirji a Ingila, da rigimar da ke tattare da shi

Duk mai bin wasannin Firimiya ya san shi da ido, ko da bai san sunansa ba. Daga ƙarshen Oktoba zuwa wajen tsakiyar Nuwamba, wani jan fure mai baƙin maɓalli a tsakiya yakan bayyana a gaban rigunan 'yan wasa, da kwat ɗin kociyoyi, da ƙirjin masu karanta labarai a talabijin, har da firaminista da 'yan gidan sarauta. Kafin a take leda sai a busa ƙaho, filin wasa ya yi tsit. Turawa suna kiran furen poppy, a bakinmu sai ya fito fofi. Alama ce ta tunawa da sojojin Birtaniya da na ƙasashen rainonta da suka mutu a fagen daga, kuma da shi ake tara kuɗin tallafa wa 'yan mazan jiya da iyalan waɗanda ba su dawo ba. A rubuce ma'anarsa ke nan. Amma duk shekara sai an yi ce-ce-ku-ce a kansa, wani a zage shi don ya ƙi sawa, wani a zarge shi da riya don ya sa.

Asalin abin Yaƙin Duniya na Ɗaya ne. A yankin Flanders na ƙasar Beljiyam da arewacin Faransa, igwa ta shafe shekaru tana tone ƙasa har gonaki suka koma taɓo da ramuka. Shi kuwa irin wannan fure yakan daɗe kwance cikin ƙasa, ba ya tsirowa sai an tone ta. Sai ga shi ya fito jajir a kan filayen da komai ya mutu, har tsakanin kaburburan sojoji. Wani likitan soja ɗan Kanada, John McCrae, ya ga haka a kusa da garin Ypres a watan Mayun 1915, bayan an binne abokinsa, ya rubuta waƙa a kai. Waƙar ta yi tashe. A 1918 wata malama Ba'amurkiya, Moina Michael, ta ɗauki alkawarin sa furen don tunawa da mamatan, wata Bafaranshiya kuma, Anna Guérin, ita ta kawo dabarar a riƙa yin na yadi ana sayarwa, kuɗin ya tafi ga marayu da naƙasassun yaƙi. Ƙungiyar tsofaffin sojojin Birtaniya, wadda yanzu ake kira Royal British Legion, ta karɓi dabarar a shekarar da aka kafa ta, 1921. Ta yi odar fure miliyan 9, suka ƙare ƙarƙaf, aka tara sama da fam 100,000, kuɗi mai yawan gaske a lokacin. A 1922 aka buɗe masana'antar yin furen inda aka ɗauki sojojin da yaƙi ya naƙasa aiki.

Dalilin da ya sa Nuwamba kuwa, an tsagaita wutar yaƙin ne da ƙarfe 11 na safiyar 11 ga Nuwamban 1918. Shi ya sa ake yin shiru na minti biyu a daidai wannan lokaci, sannan a ranar Lahadi ta biyu ga watan sarki da shugabannin siyasa su ajiye furanni a gindin dutsen tunawa da ke titin Whitehall a Landan. Furen da kansa ba wani abin a zo a gani ba ne. Takarda ce ja da ɗan koren ganye, 'yan sa-kai ke tsayawa da shi a ƙofar manyan kantuna da tashoshin jirgin ƙasa, da gwangwanin jefa kuɗi a gefe. Ba shi da farashi, abin da ya sauwaƙa ka jefa ka ɗauka. Na yankin Sikotland ma ba shi da ganyen.

To ina abin rigima a nan? Tsohuwar rigima dai ta masu ƙyamar yaƙi ce, kuma ta kusa cika shekara ɗari. A 1933 wata ƙungiyar mata ta 'yan gama-kai, da yawansu uwaye da zawarawan waɗanda suka mutu a yaƙin, ta fito da farin fure. Hujjarsu ita ce jan ya taƙaita ga soja, alhali yaƙi ba ya zaɓe, yana cin farar hula, yana cin na wancan ɓangaren ma, kuma tunawa ta gaskiya ita ce a ce kada a sake. Ƙungiyar Peace Pledge Union ke rarraba farin har gobe. Masu jan furen da yawa suna kallonsa a matsayin raini, Margaret Thatcher ma ta taɓa bayyana ƙyamarta gare shi a majalisa a 1986. Akwai kuma masu maƙala biyun a ƙirji guda, su ce ba su ga inda suka ci karo ba. Daga baya aka samu na shunayya don dawakai da sauran dabbobin da aka halaka a yaƙi, da baƙin fure, wanda aka fito da shi a 2010 don tunawa da 'yan Afirka da baƙaƙen fatar Karebiyan.

Wanda ya fi shan wuya a kan wannan fure a zamaninmu ɗan ƙwallo ne, James McClean. Ɗan garin Derry ne a Ireland ta Arewa, ya tashi a unguwar Creggan. A wannan gari, ranar 30 ga Janairun 1972, sojojin laima na Birtaniya suka buɗe wuta kan masu zanga-zangar neman 'yanci da ba su ɗauke da makami, mutum 13 suka mutu nan take, na 14 ya cika daga baya. Sai a 2010, bayan dogon bincike, Firaminista David Cameron ya tashi a majalisa ya ce kisan ba shi da hujja, ya nemi afuwa. A Nuwamban 2012, yana buga wa Sunderland, McClean ya fito da riga ba fure. Tun daga nan bai huta ba: ihu a filayen wasa, zagi, har barazanar kisa. A 2014 ya rubuta wa shugaban kulob ɗin Wigan wasiƙa ya yi bayani. Abin da ya ce a taƙaice shi ne, da furen na mamatan yaƙe-yaƙen duniya biyu ne kaɗai da ya sa, amma tunda ya haɗa da duk wani rikici da sojan Birtaniya ya shiga tun bayan 1945, to sa shi cin fuska ne ga mutanen garinsu.

Nan ne gizo ke saƙar. Furen ba ya tantancewa. Yaron da aka tilasta wa shiga soja ya mutu a ramin yaƙi a Somme ta Faransa a 1916 yana ciki, wanda ya yaƙi Hitler yana ciki, haka wanda ya je Kenya lokacin tawayen Mau Mau, da wanda ya je Iraƙi a 2003. Mai sawa yawanci kakansa yake tunawa, ko ɗan'uwansa da ya dawo daga Afganistan ba ƙafa, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Mai kallo kuwa, idan shi ne bakin bindigar ya taɓa fuskanta, wani abu daban yake gani. Nemanja Matić na Manchester United ya cire nasa a 2018, ya ce yana tuna masa da ruwan bama-baman da NATO ta yi wa Sabiya a 1999 yana ƙaramin yaro a ƙauyensu. A 2010 da Cameron ya kai ziyara Sin, jami'an ƙasar sun nemi tawagarsa ta cire furen, don su abin da yake tuna musu shi ne yaƙe-yaƙen da Birtaniya ta yi da su a ƙarni na 19 don ta tilasta musu cinikin kayan mayen nan ofiyom, wanda daga wani ɗan'uwan wannan fure ake samunsa. Tawagar ta ƙi. A Ireland ta Arewa kuwa masu goyon bayan zama da Birtaniya su ma suna da nasu tabon: a 1987 IRA, ƙungiyar da ta ɗauki makami don korar Birtaniya daga yankin, ta tayar da bam a wajen taron tunawa a Enniskillen, mutum 11 suka mutu a ranar. Ka ce wa ɗan wannan gari furen alamar zalunci ne ka ji amsa.

Rigima ta uku ta tilas ce, kuma ita ce a ganina ta fi ɓata furen. Royal British Legion da kanta ta sha nanatawa cewa sa shi ganin dama ne, kuma ta fito ta kare 'yancin McClean na ƙin sawa. Amma jaridu da shafukan sada zumunta sun mayar da kansu 'yan sandan fure. Jon Snow, gogaggen mai gabatar da labarai a tashar Channel 4 a lokacin, ya ce a 2006 ba zai sa kowace irin alama ba yana kan aiki, ya kuma kira matsin lambar da kama-karyar fure. Charlene White ta tashar ITV, baƙar fata ce kuma mahaifinta ya yi aikin sojan sama, ta ƙi sawa a kan allo don kada ta fifita wata ƙungiyar agaji a kan sauran da take tallafawa, aka yi mata ca da zagin launin fata. A Kanada abin ya juya ta ɗaya gefen: a 2019 aka sallami Don Cherry, tsohon mai sharhin wasanni, bayan ya caccaki baƙin haure a talabijin cewa suna cin arzikin ƙasar amma ba sa sayen fure. Abin lura, mutanen da suka yi Yaƙin Duniya na Biyu da hannunsu sun dawo sun yi shekaru suna kallon ƙwallo ba fure a riga, ba su kuma ce an raina su ba. Sai bayan shekarar 2000 aka fara buga shi a rigunan kulob-kulob. Cikin 'yan mazan jiyan ma akwai waɗanda suka yi fushi, irin su Harry Leslie Smith, tsohon sojan sama, wanda ya ce a 2013 daga wannan shekarar ba zai ƙara sawa ba domin 'yan siyasa na fakewa da furen suna wanke yaƙe-yaƙen yau.

FIFA ma ta tsoma baki. Dokarta ta hana alamar siyasa a riga, sai Ingila da Sikotland suka yi kunnen uwar shegu suka sa shi a damtse a wasan da suka buga a Wembley ranar 11 ga Nuwamban 2016. Aka ci tarar Ingila kuɗin Suwizalan 45,000. Shekara na zagayowa aka sassauta dokar.

Musulmin Birtaniya su ma kansu ya rabu. Wasu suna tunatarwa cewa Musulmi wajen 400,000 ne suka yi yaƙin farko a cikin rundunar Indiya, cikinsu har da Khudadad Khan wanda ya samu lambar jarumta mafi girma ta Birtaniya a 1914, don haka furen nasu ne kamar na kowa. A 2014 har ɗankwali mai zanen furen aka fito da shi. Wasu kuma suka ce don me sai Musulma ce za ta yafa shaidar biyayya a kai kafin a yarda da ita?

Mu ma ba 'yan kallo ba ne a wannan zance. Kakanninmu sun yi wa Bature yaƙi a Kamaru, a Garwa da dutsen Mora, da Gabashin Afirka, sannan a yaƙi na biyu aka kwashi dubbai a runduna ta 81 da ta 82 zuwa dazukan Bama (ƙasar Myanmar ta yau), kuma Hausa ce harshen bariki a lokacin. Sunayen barikoki irin su Dalet a Kaduna, da Chindit a Zariya, da Myohaung a Legas, duk daga can suka samo asali. A ƙa'ida furen ya haɗa da su. A aikace kuwa, a 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen rainon Ingila ta fitar da rahoto cewa aƙalla mutum 116,000, akasarinsu 'yan Afirka da Misirawa, ƙila ma su kai 350,000, ba a rubuta sunayensu ba ko ba a tuna da su ba sam, alhali Bature kowa da dutsensa da sunansa. Sakataren tsaro Ben Wallace ya nemi afuwa a majalisa. Waɗanda suka dawo da rai ma ba su ga da kyau ba. A Akara, babban birnin Ghana ta yau, ranar 28 ga Fabrairun 1948, tsofaffin sojoji suka yi tattaki don neman haƙƙinsu, aka harbe uku: Saje Adjetey, da Kofur Attipoe, da Odartey Lamptey. Kada kuma a manta, wannan runduna da ta je Bama, magabatanta ne suka fasa ganuwar Kano a 1903, suka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi. Wanda ya san wannan tarihi ba zai yi mamakin McClean ba, kamar yadda ba zai ga baiken jikan ɗan Bama da ya maƙala furen don kakansa ba.

Da Najeriya ma 11 ga Nuwamba take yin nata bikin, sai aka mayar da shi 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Ranar kuma ta zo daidai da ta juyin mulkin 1966 da aka kashe su Sardauna da Tafawa Ɓalewa, don haka kowa da abin da take tuna masa. Muna da namu tambarin tunawa da 'yan mazan jiya, wanda shugaban ƙasa ke ƙaddamarwa kafin ranar, gwamnoni su biyo baya a jihohi, a maƙala wa manya a gaban babbar riga, a sanar da gudummawar miliyoyi. A nan ba a cika jin ana zagin wani don bai sa ba, talaka ma sau da yawa a talabijin kawai yake ganinsa. Tambayar da ake yi a nan ta kuɗin ce, ina suke shiga bayan an tashi taro, tunda ba sau ɗaya ba tsofaffin sojoji suka shimfiɗa tabarmi suka tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja suna neman haƙƙoƙinsu, matan waɗanda suka mutu a yaƙi da Boko Haram kuma suna ta zarya da takardu.