Manyan katuna a poka: ga amsoshin, a daina tare ni a hanya

Daga fadarmu ta unguwar Zariya har bakin babbar kasuwa, tambayoyin nan su ne dai kullum. Na gaji da maimaitawa ana cikin shan shayi. Zancen teburin kuɗi nake yi na Texas Hold'em (pokar da ake ba kowa kati biyu a hannu, a buɗe biyar a tsakiya na kowa) a intanet, inda kake shiga da kuɗinka ka tashi sa'ad da ka ga dama, ban da gasa. Teburan yawanci da dalar Amurka suke, amma zan yi lissafi da sefa: kuɗin dole (wanda mutum biyu ke sawa kafin a raba katuna) 100 da 200, kowa ya zauna da jika 20.

Waɗanne ne manyan katunan?

As biyu, Sarki biyu, Sarauniya biyu, sai As da Sarki. A allo za ka ga AA, KK, QQ, AK. Wasu na ƙara JJ, wato Jak biyu, ni ba na musu da su.

As da bakwai fa? Ai As ne.

A'a.

In na samu As biyu, ba gara in laɓe in bi kawai don kada su gudu ba?

Wannan ita ce ta fi ba ni haushi. Ƙanena, As biyu sau ɗaya yake zuwa cikin rabo 221. Ka zauna tun bayan isha'i kana zubar da tarkace, abin ya zo, sai ka sa 200 kamar mai sayen goro? Ka ƙara zuwa 500 ko 600. In wani ya riga ka ƙarawa, ka ninka nasa sau uku, sau huɗu ma in shi ne zai riƙa magana bayanka.

Ga dalili. As biyu gaban mutum ɗaya yana ci wajen 85 cikin 100. Ka bar mutum huɗu su shigo da araha, ya sauko kusan 56. Ranar nan wani yaro ya miƙo mini wayarsa yana huci, wai an cuce shi. Na duba: ya laɓe da AA, mutum biyar sun shigo, mai tara da bakwai ya haɗa biyu-biyu ya kwashe shi tas. Wa ya buɗe wa mai tara da bakwai ƙofa?

To ai in na ƙara duk zubarwa suke yi.

Sai ka ɗauki 300 ɗinka ka jira rabo na gaba. In kuma kullum haka ake yi maka, sun gane ba ka motsi sai da As ne. Ka riƙa ƙara adadi iri ɗaya da duk hannun da za ka buga.

Wannan ba caca ba ce?

Caca ce, kuma ka san hukuncinta, yana nan a Suratul Ma'ida, aya ta 90. Lissafin da nake koyarwa bai mayar da ita halal ba. Akwai teburan kuɗin wasa da ba a sa ko dala, lissafin duk ɗaya ne. Mai taɓa kuɗin cefane ko jarin kabu-kabu kuwa, kada ma ya ce ya san ni.

Ina da Sarki biyu, na ƙara, mutum ɗaya ya bi, sai As ya fito cikin ukun farko da ake buɗewa a tsakiya. Yaya zan yi?

Yawwa, ga tambaya. Kuma ba sabon abu ba ne: kusan sau 23 cikin 100 haka za ta faru da mai KK. Amsar ita ce ya danganta, kuma na san ba ka son jin haka.

Mu ce ka sa 600, mai babban kuɗin dole ya bi, tsakiya akwai 1.300. An buɗe As, takwas, uku, kala daban-daban, ya wuce bai sa komai ba. A nan yawanci ina sa kaɗan, kamar 400. Mai takwas zai biya, mai tara biyu ko goma biyu zai biya, kuma su ne abincinka. Ka sa 1.300 cur, duk waɗanda ka fi za su gudu, mai As kaɗai zai tsaya. Amma in ka wuce kai ma, ban ce ka yi laifi ba, musamman gaban mutumin da ke son cika baki da ƙarya in ya ga rauni. Ka bar shi ya yi ƙaryar, ka bi shi sau ɗaya.

Inda take yin tsami shi ne bayan ya bi 400 ɗin. Kati na huɗu ya fito, yawanci in ja birki. In ya tashi da kansa ya zuba kusan yawan abin da ke tsakiya, sai in tuna wane ne shi. Dattijon tebur da bai ƙara ko sau ɗaya ba cikin awa guda, As gare shi, in ajiye Sarakuna ba tare da kuka ba. Mai shiga kowane rabo yana watsa kuɗi, wataƙila in bi, wataƙila kuma in yi nadama. In mutum uku ne suka shigo tare da kai, manta da duk abin da na faɗa, yiwuwar As a hannun ɗayansu ya ƙaru sosai. In kuma kai ne za ka fara magana, ka ƙara taka-tsantsan, don ba ka ga motsinsa ba tukuna.

Za ka zubar da hannun da ya fi wani lokaci. Kowa na yi. Ba za a nuna maka ba ma, balle ka sani.

As da Sarki sun fi Sarauniya biyu?

Ba su fi ba. In an zuba duka tun farko, AK na ci tsakanin 43 da 46 cikin 100. Kuma sau ɗaya cikin uku kawai yake haɗuwa da ukun farko. Ka ƙara da shi da ƙarfi, amma in bai haɗu ba kuma ana ta turo maka kuɗi, ba aure kuka ɗaura ba.

An cinye ni da As biyu sau biyu a dare ɗaya. Na'urar maguɗi take yi?

Ko gaban Sarki biyu, As biyu na faɗuwa kusan sau 18 cikin 100. Kwantar da hankalinka. In kuɗin ya shiga kana gaba, ka buga daidai. Kashe wayar ka kwanta, kada ka hau babban tebur neman ramuwa.

In rezo ya yanke ina tsakiyar hannu fa?

Lokacinka zai ƙare, na'ura ta wuce maka ko ta zubar da katunanka in akwai kuɗin da za a bi. Ya taɓa faruwa da ni da Sarauniya biyu, an ɗauke wuta, waya saura kashi 2. Ka yi caji kafin ka zauna.