Camair-Co da zirga-zirgar arewacin Kamaru

Camair-Co shi ne kamfanin jiragen sama na gwamnatin Kamaru, cibiyarsa na Duwala. An kafa shi a 2006 amma bai fara tashi ba sai ranar 28 ga Maris 2011. Shi ya gaji Cameroon Airlines, wanda aka kafa a 1971 lokacin da Kamaru ta fice daga Air Afrique, kamfanin jiragen sama na haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka, bashi ya durƙusar da shi a 2008.

A arewa yana sauka Ngaundere da Garwa da Marwa, kuma nan ne amfaninsa ya fi fitowa fili. Layin dogo dai a Ngaundere ya tsaya, to mutumin Marwa da ya taso daga Yawunde sai ya kwana cikin jirgin ƙasa, gari ya waye ya nemi mota, a gangara dutsen Mbe inda manyan motoci ke rarrafe, a wuce Garwa, kafin ya ga gida jiki duk ya yi laushi, alhali ta sama tafiyar wajen awa biyu ce kawai.

Babbar matsalar kamfanin ita ce jiragen ba yawa, kuma kala-kala ne. Ya yi aiki da Boeing 767 mai suna Dja, da 737, da MA60 guda biyu ƙirar Sin, sannan Q400 mai farfela. Kowane iri da nasa matuƙa da makanikai da kayan gyara, ɗaya ya lalace sai jadawali ya wargaje, a ɗage tafiya ko a soke ta, ɗan kasuwa kuwa in aka yi masa haka sau biyu ya koma mota kenan. Ga shi tikiti da sefa ake sayarwa amma hayar jirgi da kayan gyara da dala ake biya. An yi ta canza shugabanni, korona ma ta ajiye jiragen tsawon watanni a 2020. Lokacin hunturu kuma hazo kan hana sauka a filayen arewa.

Ba Kamaru kaɗai ba ce. A Cadi an kafa Tchadia Airlines a 2018 tare da Ethiopian Airlines, zuwa 2022 an rufe shi. Kamfanin ASKY na Lome a Togo kuwa, da ya fara a 2010, har yanzu yana tashi.

A ganina barin hanyar Paris da Camair-Co ya yi a 2016 ba asara ba ce, don gogayya da Air France sai mai kuɗi da gaske. Fasinja na nan gida: ma'aikatan kamfanin auduga na Sodecoton a Garwa, malaman jami'o'in Ngaundere da Marwa, ma'aikatan agaji, 'yan kasuwa masu sarin kaya a tashar ruwan Duwala, ga N'Djamena nan kusa. Q400 ya dace da waɗannan hanyoyi saboda bai cika shan mai ba kuma kujerunsa ba su kai 80 ba, cika shi ba wuya in dai zai tashi a ranar da aka rubuta a tikiti.