Tambayoyin da kuka dame ni da su kan fim ɗin Bless Me, Ultima

Tun ranar da na yi suɓul-da-baka na ce na kalli fim ɗin nan sau uku ban huta ba. Tambayoyin ba sa canzawa, masu yin su ne kawai ke canzawa. Ga amsoshin a wuri guda, wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Fim ɗin ƙasar Meziko ne?

A'a, na Amurka ne. Niyu Meziko jiha ce a Amurka, kuma a can aka ɗauke shi. Mutanen labarin masu jin Sifaniyanci ne da kakanninsu ke zaune a yankin tun kafin Amurka ta karɓe shi daga hannun Meziko a 1848.

Daga littafi aka ɗauko shi?

Eh. Rudolfo Anaya ya fitar da littafin a 1972, Carl Franklin ya ba da umarnin fim ɗin, ya shiga gidajen sinima a 2013. Anaya ya ga fim ɗin da idonsa, sai 2020 ya rasu.

A taƙaice me ya faru a ciki?

Yaro ne, Antonio, ɗan shekara shida zuwa bakwai, a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Uwarsa 'yar manoma ce, burinta ya zama limamin cocin Katolika. Ubansa jinin makiyaya ne masu hawan doki, ba ya ƙaunar zama wuri ɗaya. Ana cikin wannan ja-in-ja sai aka kawo tsohuwa Ultima gidan ta ƙarasa rayuwarta, ita ce ungozomar da ta karɓi haihuwar yaron. Sauran ku je ku kalla.

To Ultima ɗin mayya ce ko kuwa?

Wannan ita ta fi ɓata mini rai, domin tambayar da miyagun cikin labarin suke yi ke nan. Mutanenta suna ce mata kurandera, wato mai maganin gargajiya: ta san saiwa da ganye, tana karɓar haihuwa, tana karya sammu. Matsafiya kuwa buruha suke ce mata, kuma 'ya'yan wani mugu mai suna Tenorio, mata uku, su ne ake zargi da wannan. Su suka yi wa Lucas, kawun Antonio, asiri har likita da limamin coci suka sallama shi. Ultima ta shiga ɗaki da yaron kwana uku, ta ɗura wa mara lafiyan jiƙo mai ɗaci da kunun shuɗiyar masara, har ya amayar da curin gashi.

Amma kada a ce na wanke ta tas. A littafin ta ƙera 'yan tsana uku na yumɓu ta soka musu allura, kuma 'ya'yan Tenorio suka fara mutuwa. Marubucin da gangan ya bar wurin a dagule.

Mujiyar fa?

Na san a wajenmu kukan mujiya ba alheri ba ne, su ma haka suka ɗauke ta. Ta Ultima dai kurwarta ce, tana gadin gidan. Ran da Tenorio ya harbe ta, tsohuwar ma ba ta kai safe ba.

Ina kifin zinaren nan da masu karatu ke ta magana?

Ku koma littafi. A can ne yara suka nuna wa Antonio wani ƙaton kifi a kogi da ake ɗauka abin bauta ne, abin da ya girgiza masa imani. Fim ɗin da bai kai awa biyu ba bai ba wannan da mafarkan yaron filin da suka samu a takarda ba, kuma a ganina nan ya fi yin asara. Abin da ya ci riba shi ne fuskar Miriam Colón, 'yar Puwato Riko da ta fito a Ultima. Kallo ɗaya take yi wa mutum ya yi shiru.

Zan iya kallonsa da yarana, ko in nuna wa ɗalibai?

To, a nan sai an zauna. Hukumar tantance finafinai ta Amurka ta sa shi a rukunin da ake so iyaye su lura idan yaro bai kai 13 ba, amma ni ba lambar nake dubawa ba. Jarumin ƙaramin yaro ne, sai mutane su zaci fim ɗin yara ne, alhali tun farko-farko yaron yana laɓe a bakin kogi aka harbe Lupito, tsohon sojan da yaƙi ya taɓa wa ƙwaƙwalwa. Daga baya a gabansa aka kashe Narciso, mashayin garin mai kirki. Akwai giya, akwai ashar, akwai gidan karuwai da yayansa ke zuwa. Wannan duk mai sauƙi ne, ana iya tura shi gaba.

Abin da ba ya turuwa shi ne tambayoyin. Florence, abokin Antonio, maraya ne da ya ce bai yarda da Allah ba saboda abin da ya same shi, shi kuma Antonio ya karɓi jibin Ubangiji na farko, wato gurasa mai tsarki da ake ci a coci, yana jiran amsar dalilin mugunta a duniya, bai ji komai ba. Idan ɗanka mai shekara 14 ne da ya saba kawo maka irin wannan tambaya kuna tattaunawa, ina ganin babu laifi, watakila ma ya amfana. Idan ɗan shekara tara ne mai firgita da dare, a dakata. Aji kuwa wani abu ne daban, don ba kai kaɗai ke da 'ya'yan ba. A Amurkan ma iyaye sun sha kai ƙarar littafin, har an janye shi daga wata makaranta a garin Norwood na jihar Kolorado a 2005. Malam, kalle shi kai kaɗai tukuna, ka sanar da shugaban makaranta, sannan ka shirya abin da za ka ce idan yarinya ta ɗaga hannu ta tambaye ka ko addu'a ce ta warkar da Lucas ko tsohuwa. Za a tambaya. Kuma ko da ka yi duk wannan, ba zan ce maka wani uba ba zai zo da safe da faɗa ba.

Da wane harshe suke magana?

Turanci, da tsarmin Sifaniyanci. Kunna rubutun ƙasa.

Magungunan da ta haɗa suna aiki? A ina zan samu?

Haba jama'a. Ganyayen da aka ambata, irin su osha da yerba del manso, na gaske ne, suna fitowa a can yankin. Amma a littafin har kananzir ta zuba a maganin Lucas. Kada wanda ya gwada, mara lafiya a kai shi asibiti.