Falsafar fassara hoto

Falsafar fassara hoto fanni ne da ke binciken yadda zane, hoto ko alama ke ɗaukar ma'ana, da kuma wanda ke da ikon faɗin ma'anar. Muhawarar ta daɗe. Aflatun na Girka bai ɗauki zane da daraja ba, domin a ganinsa kwaikwayon kwaikwayo ne kawai.

Masanin falsafa Ba'amurke Charles Peirce, wanda ya rasu a 1914, ya kasa alama gida uku: mai kama da abin da take nunawa, mai alaƙa ta zahiri da shi kamar hayaƙi da wuta, sai wadda jama'a suka yi ittifaƙi a kanta. A 1939 masanin tarihin zane Erwin Panofsky ya shimfiɗa matakai uku na karatun hoto: abin da ido ya gani, labarin da al'ada ta ɗora masa, da tunanin zamanin da ya haife shi. Tambarin adinkra, wato alamomin gargajiya na Ashanti, da ake bugawa a kan yadi a Ntonso, kusa da Kumasi a Ghana, ya hau wannan ma'auni daidai. A ɗaya daga cikin tamburan, baƙo tsuntsu zai gani ya waiwaya baya. Mutumin Ashanti zai ce Sankofa ne, koma ka ɗauko abin da ka bari. Mai bincike kuwa zai nemi dalilin da ya kai tsuntsun har cikin baƙar fatar Amurka.

Gurguncin waɗannan hanyoyi shi ne sun ɗauka duk zane don kallo aka yi shi. Hatimi ya ƙaryata haka. Malamin Zango, unguwar Hausawa da sauran baƙi Musulmi a Ghana, zai zana gidaje a takarda, ya cika su da haruffa da lambobi, a naɗe, baduku ya ɗinke cikin fata, ba mai sake gani. Sarakunan Ashanti sun jera irin waɗannan layu a jikin rigar yaƙi, kuma Baturen Ingila Thomas Bowdich, da ya zo Kumasi a 1817, ya ba da labarin tsadarsu.

Nan ra'ayin masanin al'adun ɗan Adam Alfred Gell, wanda aka wallafa a 1998, ya fi amfani: a bar tambayar me hoto ke nufi, a duba me yake aikatawa tsakanin mutane. Hoton Shehu Ibrahim Inyass da ke rataye a shagunan unguwannin Nima da Aboabo a Ghana, ko manne a gilashin motar haya da ake kira trotro, ba don a tuna kamanninsa kaɗai aka sa shi ba. Nuna ƙauna ne da neman albarka. Masu sukar rataya hoton suna kafa hujja da hadisan da suka yi magana kan taswiri, wato suranta abu mai rai, wasu malamai kuma suna bambanta hoton kyamara da zanen hannu ko sassaƙa.