Gasar zanen bajon 'yan sama jannati: ya ake yi zanen ɗan makaranta ya kai sararin samaniya?

Wai mene ne ma wannan bajon tukuna?

In ka taɓa ganin hoton 'yan sama jannati cikin kayan aikinsu za ka ga wani ɗan tambari an ɗinke shi a ƙirji ko a kafaɗa, yawanci zagayayye, da zane da sunaye a gefe. To shi ne. Kowace tafiya da nata, ba a maimaitawa. A Amurka abin ya fara a 1965 da kumbon Gemini 5, ɗan sama jannati Gordon Cooper ne ya dage sai an bar su sun yi nasu shi da Pete Conrad, suka zana keken doki mai rumfa irin na matafiyan da, suka rubuta take mai nuna cewa kwana 8 za su yi ko ta halin ƙaƙa. Shugaban NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, na lokacin James Webb ya yarda da bajon amma ya ce a rufe rubutun da ƙyalle, don in suka dawo kafin kwana 8 za a ce sun gaza.

To ina ruwan 'yan makaranta a ciki?

Da can su 'yan sama jannatin ne ke zanawa tare da ƙwararrun masu zane, har yanzu ma mafi yawa haka ne. Daga baya ne wasu hukumomi suka fara buɗe wa yara ƙofa. A Rasha an yi gasar yara don bajon kumbon Soyuz TMA-14 da ya tashi a 2009, wata yarinya 'yar shekara 12 daga Mosko ta ci. A Birtaniya kuma lokacin da ɗan sama jannati Tim Peake ke shirin zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, shirin yara na BBC mai suna Blue Peter ya sa gasa, zane sama da 3,000 suka shigo, wani yaro ɗan shekara 13 ya yi nasara. Kuma abin da ya zana ya burge ni gaskiya, tuffa ce tana faɗowa, saboda sunan tafiyar Principia ne, wato sunan littafin Isaac Newton mutumin da ake danganta labarinsa da faɗowar tuffa da ƙarfin da ke janyo abu ƙasa. Yaron nan sai da ya gane ma'anar sunan kafin ya ɗauki fensir. Da wannan bajon Peake ya tashi a Disambar 2015.

Zanen da ya ci yana zuwa sama da gaske ko a bango kawai ake mannawa?

Ya danganta da gasar, shi ya sa yana da kyau malami ya karanta ƙa'ida tun farko kar ya yi wa yara alƙawarin da babu shi. Akwai wanda ake ɗinkawa 'yan sama jannati su saka, akwai na cikin makaranta kawai. Sai kuma na tsakiya, irin shirin SSEP na Amurka da ya fara a 2010, inda ɗalibai ke tsara ƙaramin gwajin kimiyya a aika shi tashar, a gefe guda kuma a yi gasar zane. Takardar ce da kanta, mai faɗin inci 3.5 a tsaye da kwance, ake sawa a kumbo ta je tashar da ke kimanin kilomita 400 daga doron ƙasa tana zagaya duniya kusan duk minti 90, sannan a dawo da ita. Takardar da yaro ya riƙe da hannunsa fa, ya goge ya sake ya goge.

Me alƙalai suke dubawa, kyan zane ne kawai?

A'a, nan ma ne yara da yawa suke faɗuwa, har waɗanda suka fi kowa iya zane. Bajo ƙaramin abu ne, bai wuce tafin hannu ba, kuma in za a ɗinka shi da zare to siraran layuka da inuwa-inuwa da kala goma sha duk sai su cakuɗe su zama jagwalgwalo. Yaro zai so ya sa roka da wata da rana da duniya da tuta da ɗan sama jannati da tauraron ɗan adam duk a wuri ɗaya, kuma ba laifinsa ba ne ɗoki ne, amma aikin shi ne ya zauna ya tambayi kansa wannan tafiyar me za a je yi, sannan ya cire duk abin da ba ya faɗin hakan. Cirewar ita ce mai wuya.

Dubi na Apollo 11 a 1969, tafiyar da ta fara sauke mutum a kan wata. Michael Collins, ɗaya daga cikin 'yan sama jannati ukun da suka yi tafiyar, shi ya tsara shi, mikiya tana sauka kan wata riƙe da reshen zaitun, duniya can nesa, shikenan. Ko sunayensu ba su sa ba, don suna ganin aikin na dubban mutanen da suka yi wahalarsa ne. Da farko reshen a bakin mikiyar yake, sai aka ce faratanta a buɗe sun yi kama da mai shirin kai hari, aka mayar da reshen ƙafafunta. Ɗan gyara kaɗan amma saƙon gaba ɗaya ya canza.

Wani lokacin ma ƙaramar alama ce ke ɗauke da nauyin. A bajon kumbon Challenger na 1986 akwai 'yar tuffa kusa da sunan Christa McAuliffe don ita malamar makaranta ce. Bayan hatsarin da ya kashe su su bakwai, tafiyar da ta biyo baya a 1988 sai aka sa taurari bakwai a bajonta. In ka nuna wa yaro irin waɗannan kafin ya fara, za ka ga ya daina watsa taurari barkatai, ya koma ƙirga su.

Da hannu ake yi ko da kwamfuta?

Kowace gasa da ƙa'idarta, wasu sun yarda da duka biyun. A bi girman da aka ce da ranar rufewa, kuma kar a kwafo daga intanet.

Ba ɓata lokacin karatu ba ne? Ai zane ba kimiyya ba ne.

Ni dai ban yarda ba ko kaɗan. A kowane aji akwai yaron da ya riga ya yanke wa kansa hukunci cewa kimiyya ba tasa ba ce saboda lissafi na ba shi wuya, amma bayan littafinsa cike yake da zane, to wannan gasar shi take kira. Kuma ba zai iya zana abu mai ma'ana ba sai ya tambaya, wane kumbo ne, ina za shi, mutum nawa ne ciki, me za su gwada, me ya sa ruwa ke zama ƙwallo a can. Karatun da da ba zai yi don jarrabawa ba sai ga shi yana yi da kansa don yana son zanensa ya fita daidai.

Abu ɗaya kawai nake roƙon iyaye da malamai, ku bar yaron ya yi da kansa. Ku taimaka masa da bayani, ku sa ya ajiye zanen can ƙarshen ɗaki ya ja baya ya gani ko ana gane shi daga nesa, ku ce ya gwada sau uku sau huɗu, amma fensirin ya zauna a hannunsa.