Ƙarin ilimin masu zanen gine-gine a kan suturar bango

Ƙarin ilimi a kan suturar bango karatu ne da mai zanen gine-gine yake ci gaba da yi bayan ya gama jami'a ya karɓi lasisi, domin sanin halin kayan da ake lulluɓe bayan gini da su. Kayan sun haɗa da jan bulo, dutse, gilashi, katako, allon siminti, farantan ƙarfe da na alminiyam, da kuma abin da ake shimfiɗawa a bayansu don tare zafi da sanyi. A Amurka da Birtaniya da wasu ƙasashe ci gaba da karatun sana'a, wanda wannan fanni yake cikinsa, sharaɗi ne na sabunta lasisi ko na ci gaba da zama ɗan ƙungiyar sana'a. Fannin ya daɗe ana yi masa kallon ƙaramin reshe, har gobarar benen Grenfell ta shekarar 2017 a Landan ta mayar da shi sahun gaba.

Me ake nufi da suturar bango

A ginin gargajiya bango ɗaya ne ke yin komai: shi ke ɗaukar nauyin rufi, shi ke tare ruwa da rana. A dogayen benaye na zamani an raba aikin. Ginshiƙan kankare ko na ƙarfe ne ke ɗaukar nauyi, sai a rataya wa ginin riga daga waje. Rigar nan hawa-hawa ce. Daga ciki akwai bango, sai makarin zafi, sai rata ta iska mai faɗin 'yan yatsu, sannan farantin da mai wucewa yake gani. Amfanin ratar shi ne duk ruwan saman da ya sulale ta tsakanin faranti ya gangara ya fita, iska kuma ta busar da sauran laima.

Matsalar ita ce kowane hawa kamfani dabam ne ya ƙera shi, kuma kowanne da takardar gwajinsa. Mai zane ne ke haɗa su a kan takarda, shi ne kuma ya kamata ya san yadda za su zauna da juna. Kayan da ya karanta a jami'a shekara ashirin da suka wuce wasu sun bar kasuwa, wasu an sauya musu haɗi ba a sauya suna ba.

Yadda aka tsara karatun

Ƙungiyar masu zanen gine-gine ta Amurka, AIA, tana neman kowane mamba ya yi awa 18 na karatu a shekara, 12 daga ciki a kan lafiya da tsaron rayuka da jin daɗin jama'a. Darussan suturar bango galibi a wannan rukuni suke faɗawa. Yawancin jihohin ƙasar ma suna da nasu sharaɗin kafin su sabunta lasisi. A Birtaniya ƙungiyar masu zane ta RIBA tana neman awa 35 a shekara, 20 daga ciki a kan fannoni goma da ta wajabta.

Hanyoyin samun awannin suna da yawa: taron bita, darasi ta intanet, maƙala a mujallar sana'a da ake amsa tambayoyi a ƙarshenta, ko ziyarar masana'anta. Amma wadda ta fi yaɗuwa ita ce darasin lokacin cin abincin rana. Wakilin kamfanin da ke sayar da kayan gini zai zo ofis da abinci da samfura a jaka. Ma'aikata su zauna suna ci, shi kuma yana nuna hotuna a bango na awa guda, ana miƙa guntun faranti daga hannu zuwa hannu, kowa ya ƙwanƙwasa ya ji nauyinsa. A ƙarshe a rubuta sunaye, kowa ya samu awarsa ɗaya ba tare da ya kashe ko sisi ba.

Ƙungiyoyin biyu suna tantance irin waɗannan darussa, kuma ƙa'ida ta hana a mayar da su talla. Duk da haka mai koyarwar ɗan kasuwa ne, kuma mai nama ba ya kushe tsirensa. Da wuya ya yi ƙarya ƙiri-ƙiri, sai dai yakan zaɓi abin da zai faɗa. Wannan shi ne babban raunin tsarin, kuma an fi jin sa a fannin suturar bango, inda kusan duk bayanan gwaji a hannun masu ƙera kayan suke.

Abin da ake koyarwa

Ruwa ne abokin gaba na farko. A birnin Bankuba na Kanada, daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990, an gina gidajen bene masu yawa da shafe irin na ƙasashen da ba su da ruwan sama sosai, ba tare da ratar da ruwa zai bi ya fita ba. Laima ta maƙale a ciki, katakon ya ruɓe, har gwamnatin lardin ta kafa kwamitin bincike a 1998. Daga nan darasin barin rata a bayan sutura ya zama karatun farko ga duk mai zane a yankin.

Sai motsi. Farantin alminiyam mai tsawon mita 3, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 50 tsakanin asuba da azahar, yana miƙewa da kusan milimita 3 da rabi. In an ɗaure shi tamau ba a bar masa wurin numfashi ba, ko ya kumbura ko ya tsinke ƙusa. Dutse ma yana da nasa halin. Benen Amoco na Cikago, wanda yanzu ake kira Aon Center, an lulluɓe shi da siraran allunan mabul na Italiya kimanin 43,000. Zafi da sanyi suka lanƙwasa su, sai da aka cire su duka a farkon shekarun 1990 aka sa dutsen giranit mai kauri. A Boston kuwa, gilasan benen John Hancock sun riƙa faɗowa kan titi a shekarun 1970, aka sauya dukkansu, sama da 10,000.

Akwai kuma tsatsar da ke tashi idan ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu a cikin laima, da farin gishirin da ke fitowa a fuskar bulo, da tsufan ƙaron da ake liƙe gaɓoɓi da shi, da ƙarfin iska a kusurwar dogon bene. A 'yan shekarun nan an ƙara da lissafin hayaƙin da ƙera kowane kaya yake fitarwa, wanda a nan alminiyam ba shi da kyakkyawan suna.

Grenfell

Benen Grenfell mai hawa 24 an kammala shi a 1974 a yammacin Landan, aka yi masa kwaskwarima tsakanin 2015 da 2016. A zanen farko an yi niyyar sa farantan zinki, daga baya aka koma ga wasu masu araha don a rage kusan fam 300,000. Farantin da aka zaɓa kaurinsa milimita 4 ne: fallen alminiyam biyu, kowanne rabin milimita, da roba mai milimita 3 a tsakiya. A ido ƙarfe ne. Amma robar tana narkewa a wajen digiri 130, ta ɗiga tana ci da wuta kamar kitse.

A daren 14 ga Yuni 2017, gab da ƙarfe ɗaya, wuta ta tashi daga firji a hawa na huɗu. Ta fita ta taga ta kama suturar, ratar iskar nan da aka bari saboda ruwa ta zame mata bututu. Cikin kusan rabin awa ta kai ƙololuwar ginin. Mutum 72 suka rasu.

Ba a nan aka fara ganin haka ba. An yi gobarar sutura a benen Knowsley Heights a Ingila a 1991, da Garnock Court a Sikotilan a 1999, da benen Lacrosse a Melbon a 2014, da otal ɗin Address a Dubai a daren shiga 2016. Labarin yana nan ga mai nema, bai dai isa teburin waɗanda suka zana kwaskwarimar ba.

Kwamitin binciken da Sir Martin Moore-Bick ya jagoranta ya fitar da rahotonsa na ƙarshe ranar 4 ga Satumba 2024. Ya gano cewa kamfanin Arconic, mai farantin, ya san tun 2005 cewa nau'in da ake lanƙwasa wa gefe a rataya ya fi wanda ake bugawa da ƙusa haɗari nesa ba kusa ba, ya kuma ɓoye wa kasuwa. Ya samu kamfanonin Celotex da Kingspan, masu makarin zafi, da rashin gaskiya wajen gwaji da talla. Amma bai wanke masu zanen ba. Ofishin Studio E bai taɓa yi wa dogon benen zama sutura ba kafin wannan aiki, kuma kwamitin ya ɗora masa kaso mai nauyi na alhakin abin da ya faru. Kowane ɓangare ya ɗauka wani ne ke lura da batun wuta.

Wani ruɗani da binciken ya tono ya shafi karatun kai tsaye. Mutane da yawa a sana'ar sun ɗauka duk kayan da ke da shaidar aji na sifili, wani mataki a ma'aunin gwajin wuta na Birtaniya, ya halatta a dogon bene. Alhali wannan gwaji fuskar kaya kawai yake dubawa, bai damu da abin da ke cikinsa ba. Mutum yana iya cika awanninsa na shekara cif, da takardun shaida a jere, bai taɓa jin wannan bambanci ba.

Abin da ya sauya

A Disamba 2018 Ingila ta haramta kayan da ke cin wuta a bangon waje na sababbin gidajen zama da asibitoci da makamantansu da suka wuce mita 18. Sai kayan aji A1 ko A2 na ma'aunin Turai kaɗai. A 2022 aka hana faranti mai tsantsar roba a tsakiya a kowane sabon gini, komai gajartarsa. Dokar tsaron gine-gine ta wannan shekarar ta bai wa hukumar rajistar masu zane, ARB, ikon bin diddigin ƙwarewar mutum har tsawon aikinsa. Tsarin da hukumar ta fara a 2024 ya wajabta batun wuta da tsaron rai, da batun muhalli. Bai dogara da ƙirga awanni ba, ana so mutum ya rubuta abin da ya koya da yadda ya taɓa aikinsa.

Salon darasin ma ya sauya. Yanzu ana nanata cewa ba faranti ɗaya ake gwadawa ba, bango ne gaba ɗaya. Gwajin BS 8414 na Birtaniya da NFPA 285 na Amurka duk ana gina bango na gaske ne mai tsayi, a kunna wuta a ƙasansa a ga inda za ta kai. Sakamakon kuma na wannan haɗin ne kaɗai. In aka sauya makarin zafi ko faɗin rata, takardar ta tashi daga aiki. Ana kuma koyar da shingayen da ake sawa cikin ratar a kowane hawa, masu kumbura su toshe hanya idan sun ji zafi, da yadda ake karanta rahoton gwaji na asali maimakon takardar talla.

A Najeriya

Farantin alminiyam mai wani abu a tsakiya, irin ƙirar na Grenfell, ya cika Abuja da Kano da Kaduna, a bankuna da gidajen mai da manyan shaguna. A bakin masu aikin duk sunansa Alucobond, ko wane kamfani ya ƙera shi, kuma ciniki ya fi tsayawa a kan launi da kauri da farashi. Robar da ke tsakiya ba kasafai take shiga magana ba, ga shi kuwa ana yawan ajiye janareta da tankin mai a jikin bango. Rajistar masu zane tana hannun hukumar ARCON da aka kafa a 1969, ƙungiyarsu ta NIA kuma ta girme ta, tun 1960 take, kuma ta tarukansu ne irin wannan ilimi yake isa ga mambobi.

Maginan Hausa sun daɗe da tasu suturar. Makuba, da ake samu daga kwasfar ɗorawa, ana shafe bangon ƙasa da ita don ruwa ya zame. Laso kuma, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, ya fi ta ƙarko. Yaro yana koyon haɗin ne a gindin bango a hannun ubangidansa, kuma bayan kowace damina maigida da magini sukan zagaya su duba inda ya zaizaye kafin a sake shafawa.