Jimlar "Zō wa hana ga nagai" a Nahawun Japananci

"Zō wa hana ga nagai", wadda ake rubutawa 象は鼻が長い, gajeriyar jimla ce ta Japananci da malaman nahawu ke yawan kafa misali da ita. Ma'anarta ita ce, "Giwa dai, hancinta dogo ne." Ta yi suna ne bayan da masanin nahawu Mikami Akira (1903–1971) ya sanya ta a matsayin sunan littafinsa na shekarar 1960.

Kalmomi uku ne ke ɗauke da ma'ana: zō, wato giwa, hana, hanci, da nagai, dogo. Abin da Bahaushe ke kira hannun giwa, Bajapane hanci yake ce masa. Suna a Japananci ba ya nuna jinsi, kuma galibi ba ya bambanta tilo da jam'i, don haka zō na iya nufin giwa ɗaya ko giwaye baki ɗaya.

Muhimmancin jimlar yana ga haruffan nahawu biyu, wato ƙananan kalmomin wa da ga, waɗanda ke biyo bayan suna. Harafin wa, wanda ake rubutawa da alamar は ta "ha" amma a furta shi "wa", yana gabatar da batun da za a yi magana a kai, kusan yadda "dai" ko "kuwa" ke aiki a Hausa. Shi kuwa ga yana nuna ainihin abin da sifar nagai ta faɗa kansa, wato hanci. Da wannan Mikami ya kafa hujja cewa ma'aunin nahawun harsunan Turai, mai neman aikau (wato mai yin aikin) guda a kowace jimla, bai dace da Japananci ba. Wanda ya kama wannan tsari zai gane jimloli da dama, irin su "Watashi wa atama ga itai", ma'ana "Ni dai, kaina ke ciwo."

Sifar nagai ce ke rufe jimlar, kuma tana sauya siga kamar aikatau: nagakatta don lokacin da ya wuce, nagakunai don korewa, sannan a ƙara mata desu idan ana magana cikin ladabi.

Kalmar hana tana kuma nufin fure, amma da alamar 花 ake rubuta wannan. A karin harshen Tokyo, muryar mai magana tana zama sama a kan ga bayan "hanci", tana sauka bayan "fure", bambancin da kunnen da ya saba da karin sautin Hausa ba zai sha wahalar kamawa ba.